Shida Biyun Kyaftin

Hadari ya gama haɗuwa a kan kogi lokacin da aka rushe teburin Zuleide. Alƙalin gasa ya zo da 'yan katuna a hannu, ya kifa wa kowa ɗaya a gabansa. Ta juya nata: teburin ƙarshe, kujera ta huɗu. Ta kwashe kwabbanta na roba a faranti, ta rataya jaka, ta ratsa ɗakin.

Da hantsi tebur takwas ne a wannan bene da ke saman shagon injinan jirgin ruwa, kowanne cike da 'yan wasan karta na poka. Yanzu saura ɗaya. Haka gasa take tafiya: wanda kwabbansa suka ƙare ya tashi, idan kujeru suka yi giɓi a rushe tebur a raba mutanensa cikin sauran. Ma'aikata sun lulluɓe bakwai da baƙin ƙyalle. Zuleide ta ratsa tsakaninsu kamar kwalekwale tsakanin tsibiran da ruwa ya hau ya shanye.

Mijinta, Aristeu, tsohon matuƙin jirgin ruwa, yana zaune a ɗaya ɓangaren teburin, farar hularsa a kan gwiwa. Al'adar kulob ɗin ce ba a haɗa miji da mata a tebur ɗaya, don kada a ce suna ɗaga wa juna ƙafa. Amma idan tebur ya zama ɗaya, babu inda za a kai kowa.

"Kyaftin, gyara zama, hukuma ta iso!" in ji Claudionor, mai kamfanin ƙanƙarar da masunta ke saye. Kwabban da ke gabansa sun yi tsiri har suna kare masa ƙirji. "Dona Zuleide, ki yi haƙuri, jirgin maigidanki ya fara shan ruwa. Ni dai ba ni na huda shi ba."

"Kai da ruwa sai in ya daskare," Aristeu ya ce. "Me ka sani a kan jirgi?"

Ya juyo wajen da ya ji an ja kujera, ya yi murmushi. Murmushin ya sauka ɗan gefe da ita, a kafaɗar mutumin da ke kusa.

Zuleide ta jera kwabbanta, ta dubi nasa. Kaɗan ne. Da tafin hannu ɗaya za a rufe su.

Ba kuɗi ake ci a wannan gasa ba. Kujeru shida ne a babbar gasar São Paulo, da tikitin jirgi da masauki. Mutum shidan da suka rage a ƙarshe duk abu ɗaya za su samu, mai tsibin kwabbai da mai ƙwaya ɗaya. Aristeu ya daɗe yana neman kujerar nan. Sau biyu yana zuwa bakin ƙofa yana komowa. A bana likitan ido ya kira Zuleide gefe, a barandar asibiti, ya ce mata abin da ke cin tsakiyar ganin mijinta ba ya komawa baya, kuma kada ta sa rai da baɗi. Aristeu ya ji, don kunnensa garau yake. A motar komawa gida sai ya yi ta zancen tsadar kifi.

Tun daga nan kowa a kulob ya shiga wasan da ba a raba wa karta. Valdirene mai rabon karta ta fara kiran sunan kowace karta da ta buɗe a tsakiyar tebur, da ƙarfi, wai sabon tsari ne. Sabon tsarin kuwa a teburin Kyaftin kaɗai yake aiki. Alƙalin gasa ya taɓa raɗa masa cewa doka ta yarda mai raunin ido ya zo da wanda zai zauna bayansa ya riƙa faɗa masa kartarsa a kunne, muddin mutumin ba ya cikin gasar. Aristeu ya sa hularsa ya ce shi da ya shigo da jirgi tashar Belém cikin hazon da ko hancinka ba ka gani, ba ya bukatar ɗan jagora don karta biyu. Ba a sake tayar da maganar ba.

Ruwan ya sauko. A Belém kullum yana saukowa, mutane har alƙawari suke yi da shi: kafin ruwa, ko bayan ruwa. Ya fara da ɗai-ɗai a kan kwano, sannan ya rufe garin gaba ɗaya. Tagogi suka yi fari. Hasken ɗakin ya koma kore-kore kamar na ƙarƙashin ruwa, ƙarar kwabban da yatsu ke motsawa ta zama kukan kwaɗi a bakin fadama. Mutum tara ne suka zauna a teburin ƙarshe. Wata lauya ta fita, wani direban tasi ya bi ta. Zuleide ta ga tashinsu kamar daga nesa. Karta tana zuwa mata, ta ɗaga kusurwa, ta mayar. Ta zo, ta mayar.

Hankalinta ya tafi kan wani jirgin katako mai zuwa tsibirin Marajó, tun tana sabuwar ma'aikaciyar jinya, Aristeu kuma yana riƙe da sitiyari. A bayan ɗakin tuƙi ya koya mata wasan, da wake a madadin kwabbai, ragogin kwanan fasinjoji suna lilo a kansu. Gasa kogi ce, in ji shi. Da farko ruwa da zurfi, kwabbai da yawa, zubin dole, wato abin da kowa ke zubawa tilas idan layi ya zo kansa, kaɗan ne, sai ki tafi a hankali ki karanci mutane. A tsakiya ruwa yana janyewa, zubin dole yana hawa, sai ki riƙa tsinkar kwabban matsorata. Idan an zo kumfa kuwa, wato saura mutum ɗaya ya fita kowa ya samu, to ki daina kallon kartarki, ki kalli tsibin kowa. A gasar kujera ba sai kin zama ta ɗaya ba. Kada dai ki zama ta bakwai. In kina da abin da zai kai ki gaɓa, ko as biyu aka ba ki, ki yar.

Ta yi dariya a ranar. Wa zai yar da as biyu, kartar da ta fi kowace? Ya ce mai son isa gida. Sannan ya ɗora da wata magana, yana tattara wake a tafinsa: "Ran da kika tausaya mini a tebur, ran nan zan san na ƙare."

"Saura bakwai," alƙali ya faɗa. "Kumfa ke nan, jama'a."

Waɗanda suka fita tun rana suka taso daga wajen shan kofi, suka kewaye teburin. Ruwa ya hana kowa tafiya.

Zuleide ta auna tsibin kowa da ido. Claudionor da wasu uku sun tsira, ko barci suka yi. Wani malamin lissafi yana tsaka-tsaki. Ita tana ƙasa da shi, amma za ta iya jira. Aristeu ne ƙarshe, abin da ke gabansa bai wuce zubin dole huɗu ba, zubin kuma yana zagayowa kansa. Ko ya yi motsi yanzu, ko tebur ya cinye shi yana zaune.

Layin zubin dole ya zo kanta, ta tura kwabban. Valdirene ta raba karta bibbiyu. Biyu suka yar. Aristeu ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa koren ƙyallen tebur, ya ɗaga kusurwar kartarsa, ya karkata kai yana duba ta da gefen ido. Ya daɗe. Sannan ya miƙe zaune, ya sa hannu biyu ya tura komai.

"Duka."

"Jirgi ya tashi!" Claudionor ya ce. "Kyaftin, wallahi ina ƙaunarka, amma São Paulo akwai sanyi, ba za ta yi maka ba. Na bi." Ya zuba daidai abin da Aristeu ya tura, bai ƙara ko ɗaya ba.

Kowa ya gane abin da rashin ƙarin yake nufi. Akwai wata yarjejeniya a kumfa da ba a furta ta, don furta ta laifi ne. Idan mai ƙaramin tsibi ya tura duka, masu hali su bi shi su da yawa, kada kowa ya yi wa kowa ƙari, a bar karta biyar su fito. Hannu biyu sun fi ɗaya saurin kashe shi. Da ya mutu gasa ta ƙare, kowa ya samu. Aristeu ya sha yi wa wasu, an sha yi masa.

Sauran suka yar. Saura ita. Ta ɗaga kusurwar kartarta.

As. Ta zame ta sama. As.

Fuskarta ba ta motsa ba. Ta yi shekaru tana shiga ɗakin marasa lafiya da labari a bakinta, ba mai karanta shi a goshinta. Ta ɗora yatsa a kan kartar, ta saurari ruwa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan ta yar, Aristeu zai kara da Claudionor shi kaɗai, Claudionor kuwa da kowane tarkace yake bi, kusan raba-daidai ke nan. Idan ta bi, da ƙyar mijinta ya tsira sau ɗaya cikin shida. Kartar da aka yar a kife take tafiya, Valdirene ta cusa ta cikin tari, har abada ba mai sanin mece ce. Tana ma da hujja, daga bakinsa: ko as biyu, ki yar. Amma ta san inda hujjar ta tsaya. Wannan magana ta wanda ya riga ya tsira ce, wanda shiga za ta jefa shi cikin haɗari. Ita ba ta tsira ba, Claudionor kuma ba zai yi mata ƙari ba. Duk ɗan wasan da ba matar Aristeu ba zai bi, ba tare da ya ja numfashi ba.

Ta dube shi. Ya kafa ido a tsakiyar tebur, inda babu komai tukuna, hannuwansa a kan hula. Haka yake tsayawa a ɗakin tuƙi idan hazo ya rufe, yana sauraron ruwa a jikin katako. Ta ga São Paulo yadda yake ba ta labari, shi da bai taɓa zuwa ba: ɗaki mai faɗin filin jirgi, tebur ɗari-ɗari, fitilu kamar garin da ake hangowa daga tsakiyar kogi.

"Dona Zuleide," Claudionor ya ce, "in kin yar ba mai ganin laifinki. Tuwon gida ya fi São Paulo."

Aristeu bai juyo ba. "Zuza," ya ce, "ruwa zai ɗauke, mutane suna da gidaje."

Ta ƙirga kwabbai, kusan rabin abin da take da shi, ta tura.

"Na bi."

Wani a cikin 'yan kallo ya yi fito. "Aure ke nan," in ji wata murya, aka yi 'yar dariya.

Valdirene ta buɗe uku a tsakiya. "Tara. Sarki. Huɗu." Zuleide ta ƙwanƙwasa tebur, alamar ta wuce ba ƙari. Claudionor ya ƙwanƙwasa. "Biyu." Ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasa. Valdirene ta ɗan tsaya, ta buɗe ta ƙarshe. "Tara."

Claudionor ya buɗe sarki da bakwai. Zuleide ta buɗe as biyu, ɗakin ya yi guna-guni. Aristeu ya ji an ambaci kartarta, ya gyaɗa kai sau biyu, kamar malamin da ɗalibi ya ba amsa daidai. Ya miƙe, ya sa hularsa.

"Shida biyu ne da ni, ba su zo ba," ya ce. "Kin yi daidai, Zuza. Jama'a, a sauka lafiya." Ya juya kartarsa ya jefa a kan tebur, ya miƙa wa Claudionor hannu.

Claudionor bai karɓa ba. Yana kallon kartar.

Shida ce da tara.

Ruwa ne kawai a kan kwano. Kowa a ɗakin ya san Kyaftin Aristeu ba zai taɓa tura rayuwarsa da shida da tara ba, ko da wuƙa a wuya. Abin da aka yi watanni ana lulluɓewa ga shi a kwance a kan koren ƙyalle, kowa yana gani sai mai shi.

"Seu Aristeu," Valdirene ta ce a hankali, "ku zauna. Karta ita ke magana, ba mai ita ba. Shida da tara ne a hannunku. Da tara biyun da ke tsakiya, tara uku ke nan. Ku kuka ci."

Ya tsaya da hannu a miƙe. Sannan ya janye shi, ya laluba bayan kujera, ya zauna. Valdirene ta tura masa tsibin. Bai jera ba. Ya ɗauki kartar nan ɗaya, ya kai ta gefen idonsa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya mayar.

"To," Claudionor ya ce, muryarsa ta sauka, "ni dai daga yau na daina duba karta. Ashe duba ta ne yake cuta ta."

Ba a yi dariya sosai ba, amma an samu abin da aka fake da shi.

Agogon bango ya yi ƙara, zubin dole ya hau. Yanzu Zuleide ce ƙarshe. Ta ga haka ba tare da wani tashin hankali ba, kamar mai ganin laimarta tana tafiya a kan ruwa. Ta bar rabo biyu suka wuce. A na uku ta samu sarki da goma, babu wanda ya shiga kafin ita. Ba za ta samu wanda ya fi shi ba kafin zubi ya cinye ta.

"Duka."

Claudionor ya bi, wannan karon ba tsokana. Malamin lissafi ya bi. Layi ya zo kan Aristeu. Kartarsa biyu suna kife a inda Valdirene ta ajiye su, bai taɓa su ba. Ya laluba kwabbai, ya auna tsayinsu da yatsa, ya tura.

"Na bi."

"Haba Kyaftin, ko dubawa ba ka yi ba!"

"Ɗazu na duba," Aristeu ya ce. "Ka ga abin da ya fito."

Wannan karon ɗakin ya fashe da dariya, har da Valdirene, har da Zuleide. Aka ƙwanƙwasa tebur har karta biyar suka fito. Ba sarki, ba goma. Malamin lissafi ya ci da takwas biyu, Zuleide ta zama ta bakwai. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce gasa ta ƙare, aka yi tafi, mutum shida suka shiga rungumar juna. Zuleide ta ɗauki jakarta, ta tsaya bakin taga. Ruwan ya ɗauke. Jiragen kamun kifi sun sake bayyana a tasha, ɗaya bayan ɗaya, kamar yanzu aka zana su.

Suka sauko tare. Titi yana tururi, itatuwan mangwaro suna ɗiga. Mai sayar da tacacá ta buɗe laimarta a kusurwa, suka tsaya ta zuba musu romon a ƙoƙo, da jatan lande da wani ganye mai sa leɓe ya mutu. Aristeu ya sha nasa a tsaye, ambulan ɗin kujerar São Paulo a aljihun rigarsa.

"As biyu," ya ce.

"As biyu."

"Kin daɗe kafin ki bi."

"Ina sauraron ruwa."

Ya juya ƙoƙon a hannunsa. "Sarki da goma ɗin nan fa? Da kin jira, wataƙila malamin ya riga ki fita."

"Malamin ya ninka ni uku. Kai ka koya mini, kada ka raina mini hankali, tsoho."

Ya yarda. Suka mayar da ƙoƙuna, suka taka zuwa inda ake jiran mota. A watannin nan ya ƙirƙiro wata dabara: idan mota ta taho sai ya sunkuya yana gyara takalmi, ko yana neman wani abu a aljihu, har sai Zuleide ta motsa, sannan ya bi ta kamar shi ma ya gani. Ita kuma ta koyi motsawa da wuri.

"Wai maganar nan da alƙali ya taɓa yi," ya ce, yana fuskantar titi. "Ta mai zama a baya. Wai dole sai wanda ba ya cikin gasa."

"Haka na ji."

"Sai an samu wanda fuskarsa ba ta magana. In ya ga as ya zaro ido, an gama da ni."

"Da wuya a samu," ta ce.

Wata mota ta kunno kai daga ƙarshen layi, tana fasa ruwan da ya kwanta, lambarta tana haske a goshi. Zuleide ba ta motsa ba. Aristeu bai sunkuya ba, bai taɓa aljihu ba. Ya tsaya da hularsa, ya ɗan karkato kai wajenta.

"Zuza, wacce ce wannan?"

Ta matso, ta kare bakinta da tafin hannu yadda ba wanda zai gani, ta faɗa masa a kunne.

"Ba tamu ba ce," ya ce. "A yar."

Suka bar ta ta wuce.